Maigidana ya ce hawan jininsa ya warke, ya ajiye magani

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 54. Bara aka auna shi aka sami 170/100, aka ɗora shi a kan magani. Bayan azumi ya sake awo a kemis ya ga 130/80, ya ce ai ya warke, ya ajiye ƙwayoyin, ya koma shan jiƙo. Yayansa ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu ke nan. Wallahi ko barci ba na iya yi. Daga wata uwargida a Pantami, Gombe.

Amsa: Hajiya, da gaskiyarki. Wannan 130/80 da ya gani aikin ƙwayar ne. Ranar da ta bar jikinsa jinin zai fara komawa inda yake, kuma ba zai yi masa sallama ba.

Kalmar "na warke" ta gajiyar da ni. Kusan kullum sai na ji ta. Mutum ya ce ba ya ciwon kai, ba ya jiri, to me zai sha wa magani? Alhali yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Sai an sauko da shi daga Keke Napep baki a karkace, hannu na lilo, a laluba aljihun rigarsa a tarar da katin magani ko ɓallewa ba a yi ba, 'yan uwa kuma suna cewa iska ce ta buge shi. Wace iska? A wani bincike kan shanyewar ɓarin jiki mai suna SIREN da aka fitar a 2018, an kwatanta mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da takwarorinsu masu lafiya a Najeriya da Ghana, har da asibitocin Kano da Zariya. Kusan tara cikin goma na larurar an danganta ta da hawan jini. Tun kafin nan, a garin Firamingham na Amurka, an bi mutum 5,209 daga 1948 ana auna su duk shekara biyu, aka ga waɗanda jininsu ke sama su ne zuciya da shanyewar jiki suka fi kayarwa, ko da suna jin garau.

Shi kuwa mai lasifika a bakin tasha, jarka ɗaya tana maganin basir da sanyi da suga da hawan jini, sadidan. Bai taɓa ɗaura wa kowa abin awo ba. Shi ne ke yaɗa cewa ƙwayar asibiti tana kashe ƙoda, bayan hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke kai mutane wankin ƙoda.

Na'am, abin yana bin jini, ciwon yayansa ya ƙara masa haɗari. Ki lallaɓa shi ku koma asibiti cikin makon nan. Ki tambaye shi a ɗaki ko wani abu ne ya dame shi da ƙwayar, kumburin ƙafa, busasshen tari, ko abin da maza ba sa so su faɗa. Duk ana canzawa.

Naki aikin yana madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen cokalin shayi guda, kuma Maggi da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin.

In kuma, Allah ya kiyaye, kika ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. A wuce da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan take.