Tsofaffin harsasai: kwanso kawai za ka iya taɓawa

Kana tambaya ko za ka iya huda tsofaffin harsasan bindiga da ka gada ka yi mariƙin makulli da kayan ado dasu. Ɗan'uwa, in kwanso ne wanda an riga an harba, cikinsa fayau, eh zaka iya. Amma wanda kansa ke jiki har yanzu kada ka huda, kada ka gutsure, kada ka kai shi kusa da wuta, ka kira 'yan sanda su ɗauka, dama a ƙasashe da yawa ajiye shi ba lasisi laifi ne.

Dalili kuwa tsufa baya kashe harsashi, na yaƙin duniya na biyu ma da ya haura shekara 80 yana iya tashi, zafin injin huda kaɗai ya isa. Kuma kar lotsawar dake gindinsa ta ruɗe ka ka zaci an riga an harba shi, wani an danna ne ya ƙi tashi, albarushin na nan. Kwanson ma ni sai na wanke shi da lemon tsami da gishiri kafin in fara aiki, saboda ragowar dalma a ciki, wasu tsofaffin har da makuri, wato zaiba. Ka wanke hannu bayan aiki, kuma ka nisanta kwanson da bakin yara don Allah.