Estanal ɗinka na ƙas-ƙas? Zare shi tukuna

Tambaya: Malam, ina ɗaukar bidiyon biki da suna a wani ƙauye kusa da Ringim. Estanal ɗina (faifan ajiyar bayanai da ake jonawa da kwamfuta ta kebul) mai 1TB ya faɗo daga kan benci yana cikin aiki. Yanzu sai ya riƙa ƙas-ƙas, wani lokacin kwamfuta ta gan shi, wani lokacin ta ce in yi fomat. Bikin mutum uku na ciki, dangin amarya sun hana ni sakat. Wani abokina ya ce in sa shi a firiza.

Amsa: Ɗan'uwa, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon watan Sallah, firizar wa za ka ara? Ta mai ƙanƙara? Bar wannan shawara. Sanyi na tara raɓa, raɓa kuwa ajalin faifai ce.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kun ɗauki estanal kamar babban filash. Ba haka ba ne. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar ƙura ba. Da ya faɗi yana juyawa, mai yiwuwa allurar ta bugi faifan. Ƙas-ƙas ɗin nan ita ce take neman hanya tana kasawa. Duk jonawar da ka yi "don ka gwada ko ya dawo", kana iya kankare bikin mutane ne da hannunka. Na san ka jona shi ya fi sau ashirin kafin ka rubuto min, kada ka musa.

Kada ka danna fomat. Kada ka bari wani ya sa masa chkdsk, manhajar Windows mai gyaran faifai, domin gyaran da yake yi rubutu ne a kan faifan da ke jinya. Uwa uba, kada a buɗe shi. Na taɓa ganin wani mai gyara a birni ya kwance murfin da sukurdireba, a tsakiyar hunturu, ya hura da baki kamar mai tankaɗe gero. Masu wannan sana'a da gaske a wuri mai tace iska suke buɗewa, kuma kuɗin aikinsu kan ninka kuɗin sabon estanal. Idan yana ƙas-ƙas ɗin nan ba fashi, nan ne kawai mafita, sai ka auna da darajar abin da ke ciki.

In kuwa ya yi shiru kuma kwamfuta na ganinsa, ko da jan ƙafa yake, ka samo wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi shi. A kan kwamfuta mai tsarin Linux, a yi amfani da manhajar ddrescue a kwashe kwafinsa gaba ɗaya zuwa wancan faifan. Ina son wannan manhaja don tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu ciwo sai daga baya, kuma tana rubuta inda ta tsaya, ko janareto ya mutu za ta ci gaba daga nan. Sai a nemo fayilolin daga kwafin da TestDisk ko PhotoRec, manhajojin tono fayilolin da suka ɓace, asalin kuma a bar shi ya huta.

Sannan mai cin abinci da bidiyo ya ajiye aikinsa wuri ɗaya tak? Ni faifai biyu gare ni, ɗaya a shago, ɗaya a gidan yayana, duk Juma'a nake kwafewa. Kuma kada ka goge katin kyamara sai aiki ya zauna a wuri biyu. Duba katunan naka ma, wataƙila PhotoRec ya tono maka bikin ƙarshe.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Sumaila. Estanal ɗina fitilarsa na kamawa, yana ɗan tsuwa a hankali, amma ba ya fitowa. Bai taɓa faɗuwa ba.

Amsa: Malama, sau da yawa yunwar wuta ce. Tsohuwar kafar USB 2.0 na ba da wuta 500mA, shuɗiyar nan ta 3.0 kuwa 900mA. Canza kebul, gajere mai kauri, ki jona kai tsaye a shuɗiyar kafa. In ya fito, kwashe sakamakon ɗalibai nan take, sannan ki duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Kika ga rawaya, ya fara ban kwana.

Tambaya: Daga Kazaure nake. Ƙanena ya yi wa nawa fomat ya zuba finafinai.

Amsa: Fomat ɗin gaggawa ba ya share komai, finafinan ne suka hau kan kayanka. Abin da suka danne ya tafi. Daina zuba komai, ka sa PhotoRec, ka ajiye abin da ya tono a wani faifan daban. Sunayen fayiloli ba za su dawo ba, sai ka zaunar da ƙanen naka ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya.