Kafin ka sayi katin Jordan a gwanjo

Malam, ka tambaya ko akwai riba a sayen katin hoton ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan, wanda kamfanin Fleer ya fitar a 1986, a shafin gwanjo na eBay don sake sayarwa. Akwai, amma kada ka taɓa wanda kamfanin tantance katuna na PSA bai tantance ba, jabunsa sun yi yawa. Duba lambar jikin robar da aka rufe katin a ciki a shafin PSA, domin robar ma ana yin jabunta.

Makin da PSA ke bai wa kati, daga 1 zuwa 10, shi ne kuɗin. Kusurwa ɗaya da ta dakushe, ko hoton da ya karkata gefe, na iya sauke kati daga 10 zuwa 8. Farashin da aka sayar za ka bi, ba wanda ake nema ba. Mai maki 10 ya kai dala 738,000 a 2021, daga baya ya faɗi sosai. Lissafa kason eBay, inshora da kuɗin aikawa kafin ka taya.