Dokin kyautar da kake tambaya a kai

Toh ɗana na ga saƙonka, wai wani ya bugo waya yace dokinsa ya mutu ku zo ku ɗauka kyauta ku ba kerketan da muke kula da su a wurin nan, kuma firiza ta kusa zama wayam, shine kake tambaya ko ka ɗau mota ka tafi tun kafin wasu su riga ku. Sauran tambayoyinka na yadda ake wanke kwanon ruwa da rufe ƙofa biyu ban amsa ba kuma ba zan amsa ba, wanda sai an koya masa wannan ai bashi da abin yi a bakin shinge, ya koma ofis ya dinga liƙa ambulan. Amma wannan ta dokin ta fama min tsohon miki.

Kar ka je. In kuma dole ne sai kun karɓa to sai bayan ka ji muryar likitan da ke duba dokin da kunnenka, ba saƙo ba, ba takarda ba, kuma ka ga dokin ɗungurungum da kansa da wuyansa a jikinsa.

Wani watan Janairu ne, ƙanƙara ta rufe ko'ina a nan jihar Kolorado ta Amurka, kuma kai baka san yadda kuɗin wurin nan yake ba tukunna. A Disamba mutane ke turo gudummawa saboda ƙarshen shekara ne suna so a rage musu haraji, daga Janairu kuma sai kaji tsit. Gashi rabin abin da aka turo mai shi ya rubuta cewa na gyaran shinge ne, kuma a dokar ƙasar nan kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi baka isa ka sayi nama da shi ba, kana kallonsa a banki dabbobinka na kallonka. Shingen ma ba abin wasa bane tunda hukumar USDA, ma'aikatar noma ta Amurka, tana son na waje ya kai ƙafa 8 in dai kerkeci kake nuna wa jama'a. To a cikin wannan hali wani mai gona, mutum mai fara'a da hula irin ta makiyayan nan, ya bugo yana tayin naman doki kyauta ranar Juma'a ina birnin Denba wajen masallaci. Wani yaro ɗan sa kai, ɗan jami'a, shi ya ɗau wayar. Ya buɗe fam ɗin da ni na tsara da hannuna ya karanto tambayar, yaya dabbar ta mutu? Mutumin yace ƙafa ta karye ya harbe shi da bindiga. Yaro ya rubuta bindiga, shikenan wai ya gama aiki.

Mutumin da kansa ya kawo, har da cewa kar mu wahala. Ya kawo shi a yanke gunduwa gunduwa, babu kai babu wuya. Yace kan ya binne shi a gona saboda 'ya'yansa sun shaƙu da dokin, yaranmu 'yan sa kai har da ƙwalla don tausayi. Ba wanda tunaninsa ya kai cewa in babu kai ba ka ga ramin harsashi ba, in babu wuya ba ka ga inda aka aske gashi aka soka allura a jijiya ba. Ya karɓi rasit ɗinsa na haraji, aka ɗau hoto da shi ana dariya aka sa a Facebook ana masa godiya, ya ja motarsa ya tafi.

Akwai wata tsohuwar macen kerkeci da nake kira Magajiya, ita ce uwar garken keji na sama. An karɓo ta ne daga bayan gidan wani da ya saye ta tana ƙarama yana zaton kare ya samu, ta girma a ɗaure da sarƙa, shekaru na yi ina zama nesa da ita ina kallon wani waje kafin ta yarda ta ci abinci ina tsaye. Yaran suka ce bari su kyautata mata, suka ware hanta suka jefa mata ita kaɗai. Ko da basu ware ba ma ita zata fara ci, haka kerkeci yake, manyan garke ke fara buɗe ciki su kwashe kayan ciki. Kuma maganin da likitoci ke kashe doki da shi, pentobarbital, jini ne ke yawo da shi, a irin su hanta yake taruwa.

Na dawo dab da magariba na tarar tana tangaɗi kamar mashayi, ƙafafun baya na harɗewa, biyu daga cikin samarin kerketan kuma sun kwanta a ƙanƙara ko kunne basu ɗaga ba da na taɓa ƙofa. Kerkecin da ka buɗe ƙofa bai miƙe ba ai ka san babu lafiya. Na tambayi me aka basu, aka nuna min ragowar, ina ganin babu kai gabana ya faɗi. Likitanmu na can nesa hanya kuma duk ƙanƙara. Wannan guba bata da makari, abin da ake yi kawai a sa dabba ta yi amai in tana farke, a ɗura mata garin gawayi na asibiti, a sa ruwa a jijiya, a ɗumama jiki a dinga lura da numfashi har ya fita da kansa. Samarin biyu sun farfaɗo bayan dogon barci. Ita numfashinta yayi ta raguwa har ya tsaya kafin asuba, kuma wallahi ranar ce rana ta farko da hannuna ya taɓa gashinta.

Muka aika naman da abin da ke cikinta ɗakin gwaji, sakamako ya fito ƙarara. Na kira mutumin, da farko ya rantse, da na ce takarda na hannuna sai ya koma wai likitansa ɗan kaɗan ya yi masa don ya huce kafin a harbe. Ƙarya ce. Abin da ya faru shine dokin da aka kashe da allura dole ka binne shi da zurfi ko ka biya a zo a ɗauke a ƙone, ɗaruruwan daloli ne, ƙasa kuma ta daskare sai an yi hayar motar haƙa. Shine ya zauna ya yi lissafi, ya mayar da mu bola kyauta, ya haɗa da ragin haraji da suna a intanet. Banza dai bata kai zomo kasuwa. Na ce a kai shi kotu, lauya yace a idon doka dabba kaya ce kuma kuɗin shari'ar zai fi abin da za a samu, kwamitin amintattu kuma suka ce a bar maganar don abokin wani ne da ke bamu kuɗi duk shekara. Daga baya ya aiko kati na ta'aziyya da cek ɗin da ko man motar likita bai biya ba. Har yau in na ga irin motarsa a gari sai na ji ɗaci a bakina.

Kuma kar wani ɗan sa kai mai karatun intanet ya ce maka a daskarar ko a dafa zai fita, baya fita. Gaggafa ma mutuwa suke in sun ci irin wannan mushen a fili, kuma a 2017 da 2018 sai da aka janye abincin karnuka na gwangwani daga shaguna a Amurka saboda an samu wannan maganin a ciki, kamfanoni kenan masu ɗakin gwaji balle mu.

Abin da ke ƙona min rai da yaran yanzu shine kuna ganin fam ɗin shine aikin. An tambaya an amsa an rubuta, sai a koma waya. Tunda aka sako kerketai 10 daga jihar Oregon a jihar nan a Disamba 2023 'yan sa kai suka ƙaru, kowa na so a ɗauke shi bidiyo yana kuka tare da su ya sa a TikTok, amma ka ce ya kwashe kashi ko ya tsaya cikin sanyi yana fiɗa sai ya tuna yana da jarrabawa. Sati biyu sun ɓace, dabbar da ta fara sabawa da warinsu kuma ta koma tsoron sabuwar fuska. Ni ban ce a kore su ba, babu su wurin nan baya tafiya don ba mu da kuɗin albashi, amma wanda bai yi hunturu guda da mu ba baya ɗaukar wayar nama kuma baya riƙe makullin firiza. Kai ma da ka ɗan fi su, saura.

Batun firiza wayam kuwa kar ya firgita ka. Kerkeci na iya cinye kilo 9 a zama ɗaya ya kwana biyu bai ci komai ba, haka aka halicce shi, rana ɗaya babu abinci ba yunwa bace. Ka kira masu fiɗar naman mafarauta ka tambaya ko akwai ragowar barewa a ajiye, in sun baka ka yanke duk inda harsashi ya bi ka zubar saboda dalma, ka kuma je shagon nan da ke bamu kajin da kwanansu ya kusa ƙarewa. Duk abin da ya shigo a rubuta sunan mai shi da ranar a jikin leda, a rasit kuma ka bayyana kayan kawai kar ka kuskura ka sa masa farashi, wannan tsakaninsa ne da masu haraji. Ranar Asabar ka zo da wuri, kuma ka wasa wuƙarka tun daga gida don ba zan ara maka tawa ba.