Me Ya Sa Gilashin Aman Wuta Ba Ya Zama Iri Ɗaya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Sakkwato. An nuna mana baƙin dutse mai sheƙi, obsidiyan, aka ce gilashi ne daga dutse mai aman wuta, kuma wai sinadaran na wannan wuri daban da na wancan. Me ke kawo haka, kuma ina amfanin saninsa?

Amsa: Malama, gilashin nan narkakken dutse ne da ya huce da gaggawa, bai samu zarafin yin ƙwayoyin ma'adinai ba. Shi ya sa yake riƙe da sinadaran ruwan dutsen kamar yadda suke ranar da ya daskare. Obsidiyan yakan ƙunshi silika, wato babban sinadarin yashi, kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, gilashin irin duwatsun Hawayi kuwa wajen kashi 50. Baƙinsa daga ƙarfe ne, ja-ja kuma tsatsar ƙarfen ce.

Babban dalilin bambancin yana can ƙarƙashin ƙasa. Yayin da narkakken dutse ke jira, wasu ma'adinai kan riga daskarewa, su tafi da abin da ya dace da su. Felsifa, ɗaya daga cikin ma'adinan nan, tana kwashe sinadaran sitirontiyam da bariyam, ta bar rubidiyam yana taruwa a ruwan. Kamar nono ne da aka kaɗa aka tsame mai: abin da ya rage ba na farko ba ne. Ga kuma irin dutsen da ya narke tun asali, da wanda ruwan ya lasa a hanyarsa ta fitowa.

Amfanin da ya fi burge ni shi ne gano asali. Tun 1964 masu bincike Cann da Renfrew suka nuna cewa waɗannan sinadarai 'yan kaɗan kan faɗi inda aka samo dutsen da aka yi wuƙa da shi. A Olorgesailie ta Kenya, an tono obsidiyan da mutane suka ɗauko daga nisan kilomita 25 ko fiye, shekara kusan 300,000 da suka wuce. Tokar Toba, dutsen aman wuta na Indonesiya, mai shekara 74,000, da ɓarɓashin gilashinta aka shaida ta a Indiya da tafkin Malawi.

Kada ki wahala nemansa a nan gida. Ƙasar Sakkwato shimfiɗar laka ce da yashi da farar ƙasa, irin ta Kalambaina da ake siminti da ita. Tsofaffin duwatsun aman wutarmu suna wajen Biu da Jos.