Fulawoyina na bushewa a hunturu, an ce in yayyafa fiya-fiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ƙofar Ƙaura nake a birnin Katsina. Da damina na shuka fulawoyi a tsakar gida, sun yi kyau ƙwarai, amma tunda hunturu ya kama ganyen ke yin rawaya yana nannaɗewa, wasu sun mutu murus. Kullum ƙadangaru na kai-kawo a cikinsu, da dare kuma kwaɗi. Maƙwabciyata ta ce su ke cinye mini shuka, kuma za su jawo mini maciji, wai in sayi fiya-fiya in yayyafa. Ina da ƙananan yara, hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki sayi fiya-fiyar nan. In kin riga kin saya, a ɗauke ta daga inda hannun yaro zai kai tun yau.

Abin da ke damun fulawoyinki iska ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na zuwa a bushe da ƙura, ƙasarmu ta Katsina kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Wasu fulawoyin ma na shekara ɗaya ne, in sun yi fure sun zubar da iri, wa'adinsu ya cika, sai ki tara irin ki jira watan Yuni. Sauran kuma ki kafa musu zana ta ɓangaren da iska ke bugowa, ki rufe gindinsu da ɓawon gyaɗa amma kada ya taɓa kara saboda gara, ki riƙa ba su ruwa mai yawa da sassafe har ya ratsa ƙasa. Yayyafin da ake yi da rana tsaka ɓarnar ruwan garuwa ne kawai. Ki duba bayan ganye: in kin ga darɓa ko ƙananan ƙwari masu saƙa, ƙura da bushewa ne suka yi musu gida. Ki wanke ganyen da ruwa. In sun ƙi tafiya, ki daka busassun 'ya'yan bedi kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi.

Maganar fiya-fiya kuwa ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an zo mini da ita. Ana sayar da ita a kwalabe marasa suna, babu wanda zai gaya miki ƙarfinta ko abin da aka gauraya, sau da yawa har da kananzir, wanda shi kaɗai ya isa ya ƙone ganye. Gubar da ke cikinta, dichlorvos, ita ce dai ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni tun 2019. Duk da haka ga shi nan a tire, kusa da ashana da alawar yara. Wannan guba ba sai an sha ba, tana shiga jiki ta fata da numfashi. Tsakar gidanki nan ne yaro ke rarrafe, ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, nan kaji ke kiwo, nan ake shanya kuɓewa da barkono. Wane fure ne ya kai a yi masa wannan kasada?

Kuma waɗanda ake so ki kashe ai su ke miki aiki. Yawancin abincin ƙadangare ƙwari ne: tururuwa, fara, gara. Yakan ɗan gutsiri fure wani lokaci, amma ba shi ke mayar da ganye rawaya ba. Kwaɗo kuwa ba ruwansa da ganye, dare yake bi yana kama ƙwari. Idan aka fesa guba, su da ƙudan zuma da tsuntsayen da ke tsince tsutsa ne ke fara halaka, darɓa kuma ta dawo cikin 'yan makonni ta tarar babu mai cin ta. Sai a koma wurin mai tire ya ce a ƙara ƙarfi. Halittu ne na Allah da ba su cuce ki ba, kashe su haka kawai alhaki ne.

Maciji ba fure yake bi ba, ɓera yake bi da wurin ɓuya. Gaskiya ne wasu na cin kwaɗi, don haka kada ki bar ruwa ya kwanta a gindin tukwane ko bakin rariya. Ki ɗauke tarin itace da tsofaffin bulo daga jikin katanga, ki toshe ramuka, ki rufe hatsi. Fiya-fiya ba ta hana maciji shiga gida.

In tsautsayi ya sa yaro ya taɓa ko ya sha, aka ga yawu na dalala, gumi, amai ko numfashi na sarƙewa, a tuɓe masa kaya, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan. Wannan ɗuren na iya sauka a huhu, ga kuma lokacin da ake ɓatawa alhali akwai allurar da likitoci ke bayarwa.

Kafin bazara ta shigo a Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki matsar da tukwane inda inuwa ke sauka da la'asar. In kina son abin da zai jure, ki dasa lalle, furensa na da ƙamshi. Kariya ma na yin fure da rani ba tare da ruwa mai yawa ba, sai dai ruwan jikinta dafi ne, don haka tunda akwai yara a gidan ki haƙura da ita tukuna.