Kafin ku sa ta a jirgi zuwa Jos

Wata uwa ta rubuto daga Manchester. Ta tsinci ƙwayoyin hana ɗaukar ciki a jakar 'yarta mai shekara 16, kuma an fara ƙus-ƙus a tsakanin matan unguwarsu. Maigidan ya ce idan an yi hutu a kawo yarinyar Unguwar Rogo da sunan ziyara, a riƙe fasfonta, a bar ta a hannun gwaggonta har a samu miji. Tana tambaya ko ta yarda.

Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kada ki yarda.

A nan Jos nake, na san yadda magana take tafiya. Yarinyar da aka dawo da ita daga Ingila ana tsakiyar karatu, ba rasuwa ba biki, kowa zai tambayi dalili. Kafin ta kwance kaya labarin ya kai Gangare da Rikkos, an ƙara masa gishiri, kuma WhatsApp zai mayar muku da shi Manchester. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga kuma doka, wadda nake so Alhaji ya ji da kunnensa. Tun 2014 auren dole laifi ne a Ingila. Daga 27 ga Fabrairu 2023 an haramta aurar da duk wanda bai cika 18 ba, ko da yardarsa, ko a masallaci kawai aka ɗaura, ko an fitar da shi ƙasar waje aka yi. Hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 7. Idan makaranta ta ga ba ta dawo ba za ta bi sawu, kuma binciken zai iya taɓa ƙannenta da takardun zamanku. A gida ma, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 shekara 18 ta yanke. Sannan idan takardar zaman dindindin gare ta, ba fasfon Birtaniya ba, tana faɗuwa in ta wuce shekara 2 a jere a waje.

Yanzu ita yarinyar. Kin tambaye ta? Likitoci kan ba 'yan mata irin waɗannan ƙwayoyi saboda ciwon mara ko ƙurajen fuska, kuma a can likita ba zai gaya miki ba sai da yardarta. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ba a gaban babanta ko ƙanne ba. Ki ce kin gani, kin tsorata, kina so ki ji daga bakinta. Sai ki yi shiru ki saurara, ko da abin da za ta faɗa zai yi miki ɗaci.

Idan abin da kike tsoro ne, ki nemi sanin waye shi da shekarunsa, domin nan haɗarin yake. In babban mutum ne, ko yana yi mata barazana da hotuna, ko malaminta ne, to cutar ta ake yi. Dokarsu ta haramta wa malami kusantar ɗalibarsa da ba ta kai 18 ba, kuma wannan na 'yan sanda ne, kunya ba ta shiga. In kuwa sa'anta ne, ki raka ta asibiti a duba lafiyarta, sannan ki faɗa mata matsayin addininta da na gidanku ƙarara, ba zagi ba tsinuwa. Ƙofar tuba a buɗe take, amma yarinyar da aka yaudara a filin jirgi ba za ta sake yarda da nasiharki ba.

Masu surutu fa? Aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora wa mai jifan mace da zina shaidu huɗu, ko bulala tamanin. Ba ki da bayanin da za ki yi wa kowa, har 'yan'uwanki na jini. Duk wadda ta taɓo zancen ki ce lafiya lau take, tana karatu.

Idan daga baya ita da kanta ta so zuwa wurin gwaggonta ta huta, ku saya mata tikitin zuwa da dawowa, fasfonta kuma ya zauna a jakarta.